Ƙaramar Bindigar Aljihu a Gidan da Ke da Ƙananan Yara: Tambayoyi da Amsoshi

Magidancin da ya yi niyyar sayen ƙaramar bindiga, ga kuma 'yan dugui-dugui a tsakar gida, tambayoyinsa kusan kullum iri ɗaya ne: wace ƙira, wane harsashi, za ta shige aljihu ko za ta yi tudu. Da wuya ka ji ya fara da tambayar inda za ta kwana. Na tattaro abin da iyaye suka fi tambaya, na amsa gwargwadon abin da aka tabbatar. Yawancin alƙaluman daga Amurka suka fito, don a can ne aka fi sayen irin wannan bindiga, a can ne kuma likitocin yara suka daɗe suna bin sawun abin da take jawowa.

Mece ce bindigar aljihu?

Ƙaramar bindigar hannu ce da za ta shiga aljihun wando ko na kwat ba tare da an lura ba. Ba sabon abu ba ce. Henry Deringer na Philadelphia ya yi suna da irinta tun ƙarni na 19, da ƙirarsa aka kashe Shugaba Lincoln a 1865. Ta yau iri biyu ce. Akwai libarba, mai ganga da ke juyawa, wadda yawanci ke cin harsashi biyar, kamar Smith & Wesson 642 mai nauyin giram 400 da ɗoriya, ko Ruger LCR da ta fito a 2009. Akwai kuma fistol mai magazin, wato ɗan gidan harsashi da ake zurawa a cikin ƙota, wadda ke tofar da kwanso ta ɗora sabon harsashi da kanta bayan kowane harbi. Ruger LCP ta 2008 ce ta cika kasuwa da irin wannan: tsawonta kamar santimita 13, nauyinta kusan giram 270, wato da kaɗan ta fi babbar wayar hannu nauyi. Daga baya Glock 42 ta zo a 2014, SIG P365 kuma a 2018, ita ce ta cusa harsasai goma na milimita 9 a cikin ɗan jiki.

Doka ta yarda in mallake ta?

Da wannan ake farawa, kuma a ƙasashe da yawa nan maganar ke ƙarewa. Birtaniya ta haramta wa farar hula kusan dukkan bindigogin hannu a 1997, bayan an kashe yara 16 da malamarsu a makarantar Dunblane a watan Maris na 1996. Japan ba ta barin farar hula su riƙe su. A Ostareliya kare kai ba ya cikin dalilan da ake ba da lasisi a kansu. Kanada ta dakatar da saye da sayar da bindigar hannu a watan Oktoba na 2022. Ko a Amurka, kowace jiha da nata tsarin, kuma izinin ajiyewa a gida daban, izinin yawo da ita a jiki daban. Duk abin da ke ƙasa na wanda doka ta ba dama ne, yana riƙe da takardunsa. Wanda ba shi da su, ɗaurin gidan yari ne yake shirin sawa a aljihu.

Wace ce yaro ba zai iya harbawa ba?

Babu ita. Na san ba amsar da ake so ba ce, amma ita ce ke akwai.

Mutane da yawa sun dogara da taurin kunama. Za ka ji ana cewa a sayi libarba, ai kunamarta na buƙatar ƙarfin kilo huɗu da rabi zuwa biyar da rabi, yaro ba zai iya ba. An gwada wannan. A 1995 wasu likitoci a Amurka sun auna ƙarfin yatsun ɗaruruwan yara, suka buga sakamakon a wata mujallar likitancin yara. Cikin 'yan shekara uku zuwa huɗu, ɗaya cikin huɗu na iya jan kilo huɗu da rabi da yatsu biyu. Cikin 'yan biyar zuwa shida, kashi 70 cikin ɗari. Cikin 'yan bakwai zuwa takwas, kashi 90. Ka kwatanta da fistol irin Glock, wadda kunamarta ke tashi a wajen kilo biyu da rabi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne yadda ƙaramin yaro ke yi idan kunama ta yi masa tauri. Ba ya haƙura ya ajiye. Juya bindigar yake yi, ya tokare ƙotar da ƙasa ko da cinyarsa, ya sa manyan yatsunsa biyu ya danna. A wannan riƙo, bakin bindigar fuskarsa ko ƙirjinsa yake kallo. Shi ya sa 'yan shekara biyu zuwa huɗu kansu suka fi harba.

Masu ƙera bindiga sun daɗe suna wannan nema. A 1887 Smith & Wesson suka fito da wata libarba mai maɓalli a bayan ƙota, sai an matse shi da tafin hannu kafin kunama ta motsa, ana kuma cewa don yara aka yi ta. Shekara sama da 130 ke nan, har yanzu ba a sami ƙirar da uba zai ajiye a kan tebur ya juya baya ba. Kunama mai tauri tana da amfaninta: tana rage harbin kuskure daga kai babba, lokacin da kake sa bindiga a kube ko hannunka na rawa. Da wannan niyya za ka zaɓe ta. Makulli kuwa abu ne daban.

To libarba ko mai magazin?

In dai don gida mai yara ne, kuma mai saye sabon hannu ne, ni na fi karkata ga libarba, kuma dalilina ba kunama ba ce. Dalilin shi ne ba ta ɓoye abin da ke cikinta. Ka buɗe ganga, ga ramuka biyar, ko da harsashi ko babu, ido ya gani. Fistol mai magazin tana da wata yaudara da ta kashe mutane ba adadi: ka zare magazin, ka ɗauka ta zama fanko, alhali harsashi ɗaya na zaune a gindin bututu yana jiran a taɓa kunama. Manya ma na faɗawa wannan rami, balle ɗan shekara goma sha biyu da ke son burge abokinsa. A 1991 ofishin bincike na majalisar dokokin Amurka, GAO, ya duba mace-macen harbin kuskure, ya ƙiyasta cewa kashi 23 cikin ɗari da an kauce musu in da bindigar na da alamar da ke nuna akwai harsashi a ciki.

Ita ma mai magazin tana da nata. Ta fi siriri, ta fi kwanciya a aljihu, ta fi cin harsashi. Idan babu harsashi a bututu, sai an ja marfin sama baya da ƙarfi kafin ta ɗanu, wanda ɗan shekara uku ba zai iya ba. Amma ɗan shekara tara zai iya, ya kuma ga yadda ake yi a talabijin sau ɗari. Libarba kuwa muddin akwai harsashi a ganga, a shirye take.

Kowacce ka ɗauka, ka nemi filin harbin da ke ba da haya, ka gwada biyu ko uku kafin ka biya. Wadda ta yi kyau a gilashin kanti sau da yawa ba ita ce ke zauna wa hannu ba.

Sefti fa? Ba zai tsare yaro ba?

Ɗan maɓalli ne da ke hana bindiga tashi sai babban yatsa ya ture shi. Yaron da ya gano yadda ake buɗe kwalbar magani da wayar uwarsa ba zai kwana a kansa ba. Yana da kyau a samu, kamar a SIG P238, amma da sharaɗin ka horar da hannunka cire shi, in ba haka ba ranar buƙata kai zai tsare. Wasu ƙananan fistol kuma suna da tsarin da ke hana harbi idan an zare magazin, wasu na da ɗan tsini ko rami da ke nuna akwai harsashi a bututu. Jihar Kalifoniya ta daɗe tana neman waɗannan biyu a kan sababbin ƙirar fistol. Ga gida mai yara, ina ganin duka biyun riba ce. Ka ɗauke su a matsayin ƙarin katanga bayan katanga.

Ƙarama ai ta fi sauƙin harbi, musamman ga mace?

Akasin haka ne, kuma wannan kuskure ya sa mazaje da yawa sun saya wa matansu bindigar da suka harba sau biyar suka tsane ta. Nauyi ne ke shanye naushin da bindiga ke yi wa hannu. Idan ta yi sakayau, duk naushin a tafin hannunka zai sauka. Ƙotar gajera ce, ƙaramin yatsa na reto a iska. Tazarar da ke tsakanin alamomin saiti biyu kaɗan ce, don haka ɗan karkacewar da ba za ka lura da ita ba sai ta zama kuskuren taku guda a nesa. Masu koyar da harbi kan ce bindigar aljihu ta ƙwararre ce da ake sayar wa ɗan koyo. Idan a gida kawai za ta zauna, ba yawo za ka yi da ita ba, babu dalilin zaɓar ƙarama ko kaɗan. Matsakaiciya ta fi daɗin riƙo, ta fi saiti, akwatin da zai ɗauki wannan kuma zai ɗauki waccan.

Wane harsashi? Akwai wanda ba ya huda bango?

Waɗanda aka saba gani su ne .380 ACP, wanda John Browning ya ƙirƙira a 1908, da .38 Special na 1898 ga libarba, sai milimita 9 ga waɗanda suka ɗan fi girma. Akwai ƙananan .22 da .25 da .32, masu saukin naushi. Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka, .22 ya kashe yara da manya. Ɗan hakin da ka raina ne.

Batun bango kuwa, duk harsashin da zai iya tsayar da mutum zai ratsa ƙofar katako da bangon allo irin na cikin gida, wani lokaci har biyu ko uku. Harsashi mai rami a baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga jiki, yana rage ratsawa ta cikin wanda aka harba, amma idan ka kuskure ya sami bango, ramin kan toshe ya wuce abinsa. A wasu wurare ma doka ta taƙaita shi. Ka tsaya a ƙofar ɗakin kwananka da rana tsaka ka duba: idan ka harba ta nan, gadon wa ke bayan wancan bango?

Me ya sa ake cewa ƙarama ta fi haɗari a gida mai yara?

Dalili uku ne suka haɗu. Ta yi daidai da hannun yaro, yatsansa na kaiwa kunama, nauyinta ba ya gagararsa. Ta yi kama da abin wasa, balle yanzu da ake yin su da roba, har da masu launin ruwan hoda da shuɗi. Na uku, wanda ya fi duka, ba ta da mazauni. Doguwar bindigar farauta na shiga kabad ta yi wata shida ba a taɓa ta ba. Ta aljihu kullum tana hanya: daga akwati zuwa wando, daga wando zuwa mota, daga mota zuwa kan durowa "na minti ɗaya" don an shiga wanka. A cikin waɗannan mintoci ne ake rasa 'ya'ya.

A 2001 mujallar likitancin yara ta Pediatrics ta buga wani gwaji da aka yi a Atlanta. An bar yara maza 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, rukuni-rukuni, a wani ɗaki da aka ɓoye bindigar gaske ƙirar .380 a durowa, an cire mata abin harbi, ana kallonsu ta bayan gilashi. Cikin rukunonin da suka gano ta, kashi uku cikin huɗu sun ɗauka, kusan rabi kuma wani a cikinsu ya ja kunama. Kusan rabin yaran da suka gan ta sun zaci ta wasa ce, ko ba su tabbata ba. Fiye da kashi 90 na waɗanda suka taɓa ta sun ce an taɓa yi musu gargaɗi a kan bindiga.

Ina ɓoye ta a saman wadirof, yara ba su san da ita ba. Bai isa ba?

Sun sani. A 2006 an yi wa iyaye da 'ya'yansu tambayoyi daban-daban a karkarar jihar Alabama. Cikin iyayen da suka ce ɗansu bai san inda bindiga take ba, kashi 39 cikin ɗari 'ya'yan sun ƙaryata su. Cikin waɗanda suka ce ɗansu bai taɓa riƙe ta ba, kashi 22 yaran sun ce sun riƙe. Yaro ya fi ka sanin gidanka, shi ke da lokacin bincike, shi ke da kujerar takawa. A watan Janairu na 2023, a Newport News ta jihar Virginia, ɗan shekara shida ya ɗauko bindigar uwarsa, ya kai ta makaranta, ya harbi malamarsa a cikin aji. Malamar ta rayu, uwar ta tafi gidan yari.

Wani bincike na 2015 ya ƙiyasta yara miliyan 4.6 a Amurka na zaune a gidan da ke da bindiga cike da harsashi kuma ba a kulle ba. Na tabbata kusan duk iyayen nan cewa za su yi a ɓoye take.

Wane irin akwati zan saya?

Ga shawarata: ka sayi akwatin kafin bindigar, ka kafa shi, ka yi mako guda kana buɗe shi a duhu, sannan ka je kanti. Idan kuɗinka bai isa duka biyun ba, bai isa bindiga ba tukuna.

Kwadon waya, wanda ake zurawa ta cikin bindiga ya hana ta rufuwa, shi ne mafi araha. Tun 2005 dokar tarayyar Amurka ta tilasta wa dillalai ba da wani abin kullewa tare da kowace bindigar hannu, shirin Project ChildSafe kuma na raba irin wannan kwado kyauta tun 1999. Yana da kyau ga bindigar da ba a buƙata da gaggawa. Kwadon da ake ɗaurawa a kan kunama kuwa, kada ka taɓa sa shi a bindiga mai harsashi, don wajen sawa ko cirewa yana iya danna kunamar.

Ga bindigar da ake fita da ita kullum, ƙaramin akwatin ƙarfe mai saurin buɗewa ne ya dace. Iri uku ne a kasuwa. Akwai mai maɓallan ƙarfe da ake dannawa a jere, ba batir, ba lantarki, kuma shi na fi amincewa da shi. Akwai mai lambobi na batir, wanda ke buƙatar ka riƙa canza batirin kafin ya mutu. Akwai mai karanta zanen yatsa, mai daɗin sha'ani, amma jiƙaƙƙen yatsa ko mai gumi kan ba shi wuya. A watan Oktoba na 2023 hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye kimanin akwatuna 61,000 na wani kamfani, saboda mai shi kan zaci ya yi rajistar yatsansa alhali akwatin na nan yana buɗe wa kowa. An danganta mutuwar wani yaro ɗan shekara 12 da wannan aibi. Don haka idan ka sayi mai zanen yatsa, ka cire bindigar, ka kira wani babba da ba a yi wa rajista ba ya gwada yatsunsa goma.

Ƙananan abubuwa kuma: a ɗaure akwatin da kusoshi ko wayar ƙarfe, kada a ɗauke shi ɗungurungum. Lambar kada ta zama ranar haihuwar kowa, kada ta zama ta buɗe wayarka, wadda yara suka haddace tuntuni. Kada ka danna ta a gabansu. Mabuɗin ko-ta-kwana da ke zuwa da akwatin, shi ne ake mantawa a durowar gefen gado, sai duk wahalar ta tashi a banza.

A Jamus ba shawara ba ce, doka ce: sai da ingantaccen akwati, kuma jami'ai na iya zuwa dubawa. An tsaurara hakan ne bayan 2009, lokacin da wani ɗan shekara 17 a Winnenden ya ɗauki fistol ɗin da ubansa ya bari a ɗakin kwana ba a kulle ba, ya kashe mutum 15.

Idan na kulle ta, na cire harsashi, mene ne amfaninta idan ɓarawo ya shigo?

Tambaya ce mai nauyi, ba zan yi mata kwana-kwana ba. Abin da likitoci ke so shi ne a kulle bindiga, a cire harsashi, a kulle harsashin, a wani wuri daban. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2005 ya nuna kowanne daga cikin huɗun nan na rage haɗarin harbin kuskure da kisan kai ga yara da matasa, kullewa kaɗai ta rage shi da kusan kashi 70 cikin ɗari. Wanda ya sayi bindiga don tsaro kuwa yana son ta a shirye. Matsakaicin da mutane da yawa suka tsaya a kai shi ne akwati mai saurin buɗewa. Wanda ya saba da shi zai buɗe cikin daƙiƙa biyu ko uku. Wasu na ƙara wani mataki, su bar magazin a ciki amma babu harsashi a bututu.

Ni ina ganin daƙiƙa ukun nan ma alheri ne. Mutumin da ya farka firgigit ƙarfe biyun dare bai kamata yatsansa ya riga hankalinsa isa kunama ba. Motsin da ka ji a falo, sau ɗari cikin ɗari da ɗaya ɗanka ne ya fito shan ruwa. Ka ajiye tocila mai haske kusa da akwatin, ka yi magana da ƙarfi ka tambayi waye, kada ka harbi abin da ba ka gane fuskarsa ba. In kana son ƙarin lokaci, ƙofa mai ƙarfi da fitilar waje da kare mai haushi za su ba ka fiye da abin da bindiga a ƙarƙashin matashi za ta ba ka.

Yaya ake ɗaukarta a aljihu idan ana tare da yara?

Ƙa'ida ɗaya ce: ko tana jikinka cikin kube, ko tana kulle. Babu wuri na uku.

Ba a jefa ta aljihu tsirara. Akwai kuben aljihu mai ɗan tauri da ke rufe kunama ruf, ya riƙe bindigar a tsaye, ya kuma zauna a aljihu idan an zaro ta. Aljihun nata ne ita kaɗai, ba mabuɗi, ba biro, ba tsabar kuɗi. Wajen mayarwa, ka fito da kuben, ka sa bindigar ciki, sannan ka mayar da su tare. Uba mai ƙananan yara kuma ya tuna cewa hannun yaro a aljihun uba yake, can ya saba samun abin daɗi. Yana hawa cinya, yana kokawa a kan kafet. Idan ka zauna, bakin bindigar da ke aljihun gaba na kallon wanda ke zaune a gabanka. Da ka shigo gida, akwati tukuna kafin runguma. Wandon da aka tuɓe aka rataye a bayan ƙofa da bindiga a ciki, bindiga ce a hannun yaro.

Ni a jaka nake son sawa. Akwai laifi?

Hajiya, da ƙananan yara a tare da ke, ban ba ki shawara ba. Jaka ba jiki ba ce, ana ajiye ta, kuma ita ce wurin da yaro ya fi sanin ana samun waya da alewa. A watan Disamba na 2014, a garin Hayden na jihar Idaho, wata uwa mai lasisi, wadda ta san bindiga sarai, tana sayayya a babban kanti. Jakarta ta musamman ce, mai aljihun bindiga da zif. Ta ɗan juya, ɗanta mai shekara biyu da ke zaune a keken kaya ya buɗe zif ɗin, ya harbe ta, ta mutu nan take. Haka mota: aljihun gaba da ƙarƙashin kujera ba ma'ajiya ba ne. Akwai ƙananan akwatuna masu wayar ƙarfe da ake ɗaurewa a ƙafar kujera.

In koya wa yara, ko in ɓoye musu?

Ka koya musu, amma kada ka jingina da koyarwar. Tun 1988 ƙungiyar masu bindiga ta Amurka, NRA, ke da shirin Eddie Eagle mai saƙo huɗu: tsaya, kada ka taɓa, bar wurin, gaya wa babba. Saƙon mai kyau ne, musamman don gidajen da ba naka ba. Sai dai a 2004 an gwada shi a kan 'yan shekara huɗu da biyar. Sun haddace, suna rerawa tiryan-tiryan, amma da aka bar su da bindiga ba su san ana kallonsu ba, haddar ba ta sauko hannu ba. Yaro bai san wuta ba sai ya taka, wannan wutar kuwa ba ta ba da damar koyon darasi. Idan ya girma ya yi hankali, doka kuma ta yarda, kai shi wurin ƙwararren mai koyarwa yakan rage ɗokin abin da aka hana. Ko a lokacin, lambar akwati ba tasa ba ce.

Yarana sun fara girma. Zan iya sassautawa?

Lokacin ne za ka ƙara matsewa. Haɗarin ɗan shekara uku kuskure ne. Na ɗan shekara goma sha huɗu ya haɗa da ɓacin ran dare ɗaya: faɗuwa jarrabawa, wulaƙancin abokai, soyayyar da ta watse. Irin wannan ƙunci sau da yawa yakan wuce cikin ɗan lokaci, kuma mafi yawan waɗanda suka tsira daga yunƙurin kashe kansu ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Da bindiga kuwa, kusan tara cikin goma ba sa tsira, kuma yawanci ta gida ce. A 2020, alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, sun nuna bindiga ta zarce haɗarin mota a matsayin abin da ya fi kashe 'yan shekara ɗaya zuwa 19 a Amurka. Idan wani a gidan, yaro ko babba, har da kai kanka, ya shiga matsananciyar damuwa, ko shaye-shaye, ko rikicin aure ya yi zafi, a fitar da bindigar daga gidan ta hanyar da doka ta yarda har ƙura ta lafa.

Kotuna ma sun fara kallon iyaye. Jihar Florida ce ta fara dokar hukunta wanda ya bar bindiga inda yaro zai samu, a 1989, jihohi da dama suka bi. A 2024 aka yanke wa uwa da uban yaron da ya kashe ɗalibai huɗu a makarantar Oxford ta Michigan ɗaurin shekara 10 zuwa 15 kowannensu.

Akwai wata illa ban da harbi?

Dalma. Tana cikin harsashi da hayaƙinsa, tana manne wa hannu da tufa da takalmi, kuma babu adadin da ba ya cutar da ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro. Bayan atisaye ka wanke hannu da fuska da sabulu, ka canza kaya kafin ka ɗauki jariri, a wanke kayan daban. Mai ciki da ƙananan yara su nisanci rufaffen filin harbi. Ƙarar bindigar hannu kuma ta haura decibel 150 a ma'aunin ƙara, harbi ɗaya na iya lalata ji. Wajen goge ta, ba a teburin cin abinci ba, ba yara a ɗakin, harsashi kuma na wani ɗaki.

Matata ba ta yarda a kawo bindiga gida ba. Yaya zan shawo kanta?

Wataƙila ita ke da gaskiya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, AAP, ta daɗe a kan cewa gidan da ya fi aminci ga yaro shi ne wanda babu bindiga a ciki. Akwai mutanen da ke fuskantar barazana ta zahiri, ko suke zaune nesa da agaji, su lissafinsu daban ne. Amma tsarin kullewa na buƙatar duk manyan gidan su riƙe shi kullum, har ranar gajiya da ranar sauri. Wadda aka tilasta wa ba za ta koyi duba ko akwai harsashi ba, ranar da ta tsinci bindigar a aljihun wando wajen wanki kuma ba za ta san yadda za ta yi da ita ba. In ka san kai mai mantuwa ne, mai neman mabuɗin mota kowace safiya, ka faɗa wa kanka gaskiya. Jiran 'yan shekaru ba ragwanci ba ne.

Idan yarana za su je wasa ko kwana a wani gida fa?

Ka tambaya, kamar yadda za ka tambayi ko akwai rijiya a buɗe ko kare mai cizo: "Akwai bindiga a gidan? A kulle take?" Da nauyin baki karon farko, daga baya sai ya zama jiki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka fara faɗin naka: "Mu muna da ita, tana cikin akwati a kulle, ku fa?" Gidan kakanni ya fi buƙatar wannan tambaya, don sun shekara talatin babu mai rarrafe a gidan, tsohuwar libarba na nan a durowar gefen gado inda aka saba. Haka baƙon da ya zo maka da tasa a jaka ko aljihun kwat: ka nuna masa akwatinka tun daga bakin ƙofa, ko ya kulle ta a mota kafin ya shigo.